Wace manhaja ce za ta zana min giraf ɗin lissafi a kwamfuta ba tare da ta cinye albashina ba?

Malam_Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan cikin garin Gombe, aji biyu da aji uku na babbar sakandare. Matsalata giraf ce. Duk zango idan zan shirya takardar jarrabawa, da hannu nake zana shi a takardar giraf, in ɗauki hotonsa da waya, in tura wa mai buga mana takardu. In aka bugo sai layukan su fito dishi-dishi, yara su yi ta ɗaga hannu, "Malam, nan 3 ne ko 8?" Yanzu Allah ya hore min wata tsohuwar laftof ta hannu, RAM 4, Windows 10. Na tambayi wani yaro mai gyaran kwamfuta, ya ce MATLAB ake amfani da shi. Da na duba na ga kuɗinsa da dala ne, sai na rufe shafin na nemi ruwa na sha. Ni buƙatata ba ta da yawa: in rubuta y = x² − 2x − 3 ta zana min, ko sin da cos daga digiri 0 zuwa 360, in kwafa in sa a Word. Kuma ina son wadda za ta yi aiki ba data, don ba kullum nake da ita ba. Wanda ya san hanya ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Dan_Kashere:
Wa alaikumus salam Malam. GeoGebra. Kada ka wahalar da kanka. Kyauta ce.

Malam_Pantami:
Kyauta kyauta, ko irin kyautar nan ta kwana talatin sannan su ce kawo lambar kati?

Dan_Kashere:
Kyauta ta gaskiya ga malami da ɗalibi. Shekarata uku da ita, ba ta taɓa tambayata ko sisi ba. Wani ɗan ƙasar Ostiriya ne, Markus Hohenwarter, ya fara ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a jami'ar Salzburg, kuma don malaman makaranta aka yi ta tun asali. Ka nemi wadda ake cewa GeoGebra Classic, ka sauke ta sau ɗaya, daga nan ko a tsakiyar dajin Yankari kake za ta buɗe.

Injiniya_Bajoga:
Shi yaron da ya ce MATLAB bai yi ƙarya ba, yana zana giraf. Amma kamar ka ɗauko hayar tirela ce don buhun masara ɗaya. MATLAB na masu aikin injiniya ne da bincike mai nauyi, kuma a RAM 4 kafin ya gama buɗewa ka sha shayi ka wanke kofi.

Ummu_Hanifa:
Ni Desmos nake amfani da ita wajen koya wa 'yata, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka rubuta lissafin a gefen hagu, tun kana rubutawa layin yana fitowa a dama. Ka taɓa inda ya ratsa layin x ta nuna maka lambar da kanta.

Dan_Kashere:
Adda Ummu, gaskiya ne Desmos ta fi kyan gani, amma ki sake karanta abin da Malam ya ce. A kwamfuta a cikin burauza take aiki, sai da intanet. Ta waya ce ke yi ba data.

Ummu_Hanifa:
Af, ban lura da wannan ba. To ni dai a waya nake yi. A yi haƙuri.

Sani_Typist_Jekadafari:
Malam ai kana da Excel a kwamfutar ko? Me ya kai ka neman wani abu? Ni da shi nake yi wa ɗalibai giraf ɗin furojet ɗinsu kullum. Ka jera x a layin A daga −2 zuwa 4, a layin B ka rubuta =A2^2-2*A2-3 ka ja shi ƙasa. Zai ba ka 5, 0, −3, −4, −3, 0, 5. Ka zaɓi zanen da ake cewa Scatter mai lanƙwasasshen layi, shi ke nan. Ba saukewa, ba data, ba komai.

Malama_Rabi_FurtherMaths:
Malam Sani, Excel na yi, amma yana da ramuka da ya kamata a faɗa wa mutum kafin ya faɗa ciki, don ni na faɗa. Wata rana ina shirya darasi a kan y = −x² + 4, wanda kowa ya san bakinsa ƙasa yake kallo kamar an kife ƙwarya. Na rubuta =-A2^2+4, sai ga giraf ya fito baki sama. Na goge na sake, haka. Na kusa awa guda ina zargin kaina, har na ɗauko biro na lissafa da hannu. Ashe shi Excel yana fara liƙa wa lambar alamar ragi ne kafin ya ninka ta, wato −2^2 a wurinsa 4 ne, ba −4 ba. Sai ka rubuta =4-A2^2 ko ka sa A2^2 a cikin baka sannan ya daidaita. Da ban lura ba da haka zan buga wa yara sittin.

Na biyu, sin da cos. Ka rubuta =SIN(30) kana jiran 0.5, zai ba ka −0.988, saboda shi da radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, yake lissafi ba digiri ba. Dole ka rubuta =SIN(RADIANS(30)). Na uku kuma tan. Idan teburinka ya faɗa kan digiri 90, maimakon ya ce ba amsa sai ya ba ka wata lamba mai tsawon gaske, 1.6 sau goma mai ɗauke da 16 a ka, sauran giraf ɗin duk ya kwanta ya zama miƙaƙƙen layi a ƙasa. Ba na hana ka Excel, amma ba don wannan aikin aka ƙera shi ba.

Sani_Typist_Jekadafari:
Malama wallahi wannan na ragi ban san shi ba. Yanzu na gwada, haka ne. Innalillahi, ko furojet nawa na yi wa mutane haka?

Hamma_Bello:
Hahaha Sani, ka yi shiru kawai, sun riga sun kammala.

Abu_Sadiq_Azare:
Ina gaishe ku daga Azare. Akwai wata ƙaramar manhaja da sunanta kawai Graph, wani mutumin Denmak mai suna Ivan Johansen ya rubuta ta. Ta Windows ce, kyauta, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, ni a tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 7 nake amfani da ita. Fuskarta irin ta da ce, ba ado, amma ga wanda abin da yake so shi ne zane mai tsabta da zai sa a takardar jarrabawa, ta wadatar. Tana shafa inuwa a ƙarƙashin layi idan kana koyar da fili, tana zana layin da ya shafi lanƙwasa a wuri ɗaya, kuma za ka kwafa ka liƙa a Word kai tsaye. Wahalarta ɗaya: sunan. Ka rubuta Graph a Google abu dubu zai fito. Ka haɗa da sunan mutumin.

Yaro_Mai_Linux:
Ba wanda zai ambaci gnuplot? Tun 1986 take, ta girmi yawancinmu a nan. Ka rubuta plot sin(x) ka danna, an gama.

Injiniya_Bajoga:
Kai yaro, Malam ya ce yana son ya huta da wahala, kai kuma kana miƙa masa baƙin allo da rubutun umarni. Ka faɗa masa ma cewa a gnuplot x^2 ba ya yi, sai x**2? Ka faɗa masa idan ya rubuta 1/2*x zai ga layi kwance a kan sifili, saboda 1/2 a wurinta sifili ne sai ka rubuta 1.0/2?

Yaro_Mai_Linux:
Ranka ya daɗe ai wannan kwana ɗaya ne mutum ya saba. Kuma in ya saba, giraf ashirin zai fitar da fayil guda.

Injiniya_Bajoga:
In dai rubutun umarni za a shiga, gara GNU Octave, don yarenta kusan ɗaya ne da na MATLAB, kuma kyauta ce. Ɗaliban injiniya da ke nan, na ATBU ko na Poli ta Bauchi ko wani wuri, ku riƙe wannan: yawancin aikin gida da ake ba ku da sunan MATLAB, Octave za ta yi shi. x = -2:0.1:4; y = x.^2 - 2*x - 3; plot(x,y). Ku kula da ɗigon da ke zuwa kafin alamar ^, in babu shi za ta yi ta yi muku ƙorafi. Amma wannan ba amsar Malam_Pantami ba ce, na faɗa ne don masu karatu a gefe.

Dan_Tumfure99:
Ni ban ga abin wahala ba. Malam ka je duk shagon da ake sa manhaja, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za su sa maka MATLAB ɗin cikakke, wanda aka fasa. Kowa haka yake yi.

Goggon_Yara:
Ɗana, kada ka ba shi wannan shawarar. Ni aka yi wa. Ƙanina ya kai laftof ɗina wani shago aka sa masa irin wannan fasasshen, sai da suka kashe mai gadin kwamfutar kafin ta yarda ta shiga. Bayan kwana biyu duk filashin da na soka sai fayilolin su koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Sakamakon yara na zango biyu yana ciki. Garin neman gira muka rasa ido. Sai da aka wanke kwamfutar gaba ɗaya, na zauna na sake shigar da maki ɗaya bayan ɗaya daga rajista.

Ustaz_Bolari:
Ban da cutar ma, akwai haƙƙi. Mutane sun zauna sun yi aikinsu sun ce ga sharaɗin amfani da shi. Da a ce babu wata hanya, da sai a zauna a tattauna lalura. To ga na halal nan har guda nawa an lissafo, kyauta, masu su sun yafe. Mene ne uzurin?

Dan_Tumfure99:
Ustaz, Windows ɗin da ke kwamfutocin garin nan guda nawa ne aka saya?

Ustaz_Bolari:
Yawan masu yin abu ba ya halatta shi. Amma na ji tambayarka, kuma ta shafe ni ni ma, ba zan ɓoye ba.

Hamma_Bello:
Jama'a a dawo kan giraf kafin a koma wa'azi. Ko da mutum ya so saya ma, ku tuna akwai lokacin da bankuna suka toshe biyan dala da katin naira, ga kuma yadda dala ta yi tashin gwauron zabi tun 2023. Malamin sakandare ba zai iya ba, magana ta ƙare.

Malam_Pantami:
Na gode ƙwarai. Na je wurin wani abokina mai waifai na sauke GeoGebra Classic. Na rubuta lissafin farko ya fito tsaf, ya ratsa a −1 da 3, gindinsa a (1, −4), har na ji kamar in yi guɗa. Amma da na rubuta sin(x) sai ya fito ƙananan igiyoyi a cunkushe, ba irin na littafi mai 90, 180, 270 ba. Me na yi ba daidai ba?

Malama_Rabi_FurtherMaths:
Ba ka yi kuskure ba Malam, maganar radiyan ce dai da na faɗa a sama. Rubuta sin(x°), da 'yar alamar digirin a jikin x. Zai fito kamar miƙaƙƙen layi, kada ka tsorata, don yanzu sai x ta kai 360 kafin igiyar ta zagayo, kai kuma allonka bai wuce goma ba. Danna dama a kan allon zanen ka shiga saiti, ka sa x daga 0 zuwa 360, y daga −1.5 zuwa 1.5, tazarar lambobin x ka mai da ita 30 ko 90. A nan ne kuma za ka kunna layukan raga su zama kamar takardar giraf.

Tunda takardar jarrabawa kake so, ga abin da ya sa ni na fi son Classic 5 a kan 6: wajen fitar da hoto tana ba ka damar faɗin santimita nawa kake so kowane ma'auni ya ci. Wato za ka iya fitar da shi a kan santimita 2 ga 1, irin yadda tambayoyin WAEC ke cewa, yaro ya ɗora rula ya auna ya samu daidai. Sai dai ka gargaɗi mai buga muku takardu kada ya ja hoton ya ƙara masa girma don ya cika shafi. Namu ya taɓa yi min haka, wai ya ga fili ya yi yawa.

Dan_Kashere:
Kuma Malam ka gwada wannan, shi ne daɗin abin. Rubuta y = a x² + b x + c. Za ta tambaye ka ko ta yi maka majanya na a da b da c, ka ce e. Sai ka kama a kana ja. Kana rage ta bakin ƙwaryar na buɗewa, tana kaiwa sifili ya miƙe ya zama layi, tana shiga ragi ya kife. Ka ja c ka ga duk zanen na hawa da sauka, ka ga lokacin da ya daina taɓa layin x gaba ɗaya. Ni sai a jami'a na ga wannan da idona. Shekara uku ina haddace b² − 4ac ƙasa da sifili ba amsa, ban taɓa sanin ma'anarsa ita ce zanen ya tashi sama ya bar layin ba. Gani ya kori ji.

Baffa_Mai_Ritaya:
Na karanta duk abin da kuka rubuta. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da lissafi, daga Kaltungo zuwa Dukku, da alli da rula da zare. Ina da tsoro ɗaya. Ranar jarrabawa ba GeoGebra a zauren. Takardar giraf ce da fensir. Yaro zai cika tebur da kansa, ya zaɓi ma'auni, ya ɗiga, ya haɗa da hannu ba tare da layin ya karye ba, kuma kowane mataki da makinsa. Hannun da bai saba ba ba zai iya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Mun ga abin da kalkuleta ta yi, yau ka ce wa yaro bakwai sau takwas sai ya laluba aljihu. Kada mu ƙara musu wata sandar dogarawa.

Malama_Rabi_FurtherMaths:
Baffa, Allah ya ƙara lafiya, maganarka dutse ce. Amma ni yadda nake yi, sai sun gama zanawa da hannu na karɓa, sannan in juyo musu da laftof su ga yadda ya kamata ya fito. Wanda ya haɗa ɗigo da rula ya yi gindi mai tsini kamar V, da kansa yake ganewa, ba sai na yi faɗa ba. Kuma mu tuna Malam_Pantami ba yara ya ce zai ba ba, shi ne ke son takardarsa ta fito a karanta.

Baffa_Mai_Ritaya:
In haka ne ba laifi 'yata. Amma na san halin malaman yanzu, ba duka ne za su yi yadda kike yi ba. Wani zai haska a bango ya koma ya zauna.

Hamma_Bello:
Baffa ya haska da me? Makarantu nawa ne ke da majigi, kuma ina wutar? Mu a wurinmu laftof ɗaya ce, yara saba'in, sai dai a zagaya da ita layi-layi kamar faranti.

Yar_Billiri:
Tambaya a gefe don Allah. Mene ne giraf da Hausa tsantsa? Ina fassara wa ƙannena darasi, na rasa kalmar.

Ustaz_Bolari:
Wasu na cewa jadawali.

Abu_Sadiq_Azare:
Jadawali ai tebur ne, mai layi da gidaje, kamar na darussa. Ni zanen lissafi nake cewa, yara kuma suna ganewa.

Baffa_Mai_Ritaya:
Giraf muke cewa tun muna ɗalibai, har takardar ma takardar giraf ce a bakin mai kanti. Ku bar ta haka.

Nura_ICT:
Na zo a makare. Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma mai yiwuwa yana cikin kwamfutar Malam tun tuni. Kalkuletar Windows 10 da 11 tana da sashen zana giraf tun 2020. Buɗe ta, danna layuka ukun nan na kusurwar hagu, za ka ga Graphing a jerin. In babu, to tsohuwa ce ba a sabunta ta ba. Ba ta kai GeoGebra ba ko kusa, amma don duba abu da sauri kafin shiga aji ta isa.

Malam_Pantami:
Na duba tawa babu, ina jin ba a taɓa sabunta kwamfutar nan ba tun da ta baro inda ta fito.

Sani_Typist_Jekadafari:
Wata tambaya ga Dan_Kashere. Ka ce kyauta ce ga malami da ɗalibi. Ni da nake karɓar kuɗi in yi wa mutane aiki fa? Ko wanda zai rubuta littafin lissafi ya sayar?

Dan_Kashere:
A nan akwai magana. Sharaɗinsu shi ne kyauta ce ga amfanin da ba na kasuwanci ba. Mai wallafa littafin sayarwa da zanensu sai ya nemi izininsu. In kana son wadda ba wannan ƙaidin, Graph da Abu_Sadiq ya faɗa da Octave duk a ƙarƙashin lasisin GPL suke, wato lasisin da bai hana amfani da manhaja don kasuwanci ba, zanen da ka fitar naka ne.

Yaro_Mai_Linux:
Ko yaren kwamfuta na Python da matplotlib, manhajarsa ta zana giraf. Zanen da ake sawa a mujallun bincike da yawa da ita ake yi.

Injiniya_Bajoga:
Kai dai ba za ka bar Malam ya huta ba.

Goggon_Yara:
Malam_Pantami, tunda ka riga ka sauke, ka taimaka ka ajiye fayil ɗin a filashi ka ba sauran malaman makarantarku, kada kowa ya ƙona datarsa. Amma filashi mai tsabta don Allah, kun dai ji labarina.

Dan_Kashere:
Akwai ma nau'inta da ba a girkawa, a cikin filashin take zama ka buɗe ta a kowace kwamfuta mai Windows. Yana da amfani ga mai aiki da kwamfutar ofis da aka hana sa sabon abu.

Malam_Pantami:
Alhamdulillah, jiya na buga gwaji. Sin da cos a allo ɗaya, 0 zuwa 360, sun haɗu a 45 da 225 kamar yadda ya kamata, lambobi sun fito raɗau. Na kai wa shugaban sashenmu ya juya takardar gaba da baya yana tambaya daga wane littafi na yanko. Baffa, na ji gargaɗinka, ranar Litinin da takardar giraf da fensir za su fara, ba zan nuna musu allon ba sai sun gama. Saura abu ɗaya: na sa cos ja, sin shuɗi, amma injin makarantar baƙi da fari yake bugawa, duk sun fito iri ɗaya. Akwai yadda zan mai da ɗaya ɗigo-ɗigo?

Malama_Rabi_FurtherMaths:
Danna dama a kan layin, shiga saitinsa, wajen salo za ka ga irin layi, zaɓi mai tsinke-tsinke. Ka ƙara masa kauri kaɗan, in ba haka ba inji mai ƙarancin tawada zai cinye shi. Layukan ragar kuma kada ka bar su da haske sosai, su ma ɓacewa suke yi.

Yar_Billiri:
Ni kuma tawa kwamfutar Chromebook ce da aka ba yayata a wurin aiki, ba Windows. Wanne daga cikin waɗannan zai shiga?